Mako Goma Sha Uku a Manyan Azuzuwan Firamare

Ranar Litinin ɗin da aka koma makaranta ba a karatu. Wannan kowa ya sani, tun daga hedimasta har mai awarar bakin ƙofa. Yara kan zo da tsintsiya, manyansu da fartanya ko lauje, domin dogon hutun damina ya bar ciyawa ta kai gwiwa a fili, awakin unguwa kuma sun mai da aji ɗaya ko biyu makwancinsu. 'Yan aji shida ne ke jan ragamar aikin. Su ke yanka wa ƙanana wurin shara, su ke fito da bencina daga inda aka kulle su, su ke goga wa allo gawayi har ya yi baƙi. A cikinsu ake zaɓen mai buga ƙararrawa, wadda a makarantu da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a reshen darbejiya.

Na fara da wannan rana ne saboda duk mai son ya auna abin da yaro ke samu a zango guda, daga nan zai soma ɗebewa. Shekarar karatu a Najeriya zango uku ce: na farko daga Satumba zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa wajen Afrilu, na uku daga nan zuwa Yuli. Tsawon kowanne ya danganta da kalandar da ma'aikatar ilimi ta jiha ta fitar, amma mu ɗauki mako 13. Makon farko ya tafi a shara da jiran waɗanda ba su dawo daga ƙauye ba. Ga hutun tsakiyar zango. Ga makon bita, ga makon jarrabawa, ga kuma makon da malamai ke zama a inuwa suna maki da cike katin sakamako, yara suna ta ƙwallo. Ko da Sallah ba ta faɗo a ciki ba, ba a yi zaɓe ba, ba a yi yajin aiki ba, abin da ya rage na koyarwa bai wuce mako tara ba. Lissafi, da ake yi kullum, darasi biyar ne a mako, kowanne kamar minti 35. In ka ninka za ka samu darasi 45, wato awa 26 da 'yan mintuna. Kwana ɗaya ke nan da awa biyu. A cikin wannan ɗan taƙin ake son ɗan aji biyar ya ƙware a kashi cikin ɗari, da riba da asara, da auna faɗin fili.

Su wane ne yaran? A takarda, 'yan shekara tara zuwa sha ɗaya ne, tunda da shekara shida ake shiga aji ɗaya. A zahiri kuwa, musamman a karkara, za ka tarar da ɗan shekara sha huɗu da muryarsa ta fara buɗewa yana benci ɗaya da ɗan shekara tara, domin sai da ya yi nisa a makarantar allo kafin a kawo shi boko. Hukumar NERDC, mai tsara manhaja, ta kasa ilimin bai-ɗaya na shekara tara kashi uku: aji ɗaya zuwa uku, aji huɗu zuwa shida, sai ƙaramar sakandare. Wannan ya biyo bayan shirin UBE da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda dokar 2004 ta mayar da shi kyauta kuma tilas. Dattawa za su tuna cewa kafin UPE ta 1976 firamare a Arewa shekara bakwai ce, kuma manyan azuzuwan makaranta ce mai zaman kanta, siniya firamare, wadda sau da yawa ta kwana ce, sai an ci jarrabawa ake shiga. Ɗan aji bakwai na wancan zamani yana iya zama malamin asibiti ko akawu a En'e. Ina ambaton haka ba don kukan jiya ba, don waɗanda suka samu shiga a lokacin 'yan tsiraru ne. Amma ya nuna cewa tun asali an ɗauki waɗannan azuzuwa a matsayin wurin da yaro ya gama koyon karatu, ya fara amfani da karatun wajen koyon wasu abubuwa. Manhajar yau ma a kan wannan zato aka gina ta. Tambayar ita ce ko zaton ya tabbata.

Darussan suna da yawa. Da farko sun kusa ashirin, sai aka yi wa manhajar gyaran da ya fara aiki a 2014, aka ce kada su wuce goma. Dabarar da aka yi ita ce ta mai zuba buhu huɗu a buhu ɗaya ya ce kaya sun ragu. An haɗa kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki a ƙarƙashin suna guda. An haɗa zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa da na tsaro da na addini a wani sunan, har sai da aka yi ce-ce-ku-ce a 2017 aka ware addinin Musulunci da na Kirista kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Noma da tattalin gida suka shiga tukunya ɗaya. Ga Turanci, ga lissafi, ga harshen gida, ga zane-zane da al'adu, ga Faransanci da ake farawa daga aji huɗu in an sami mai koyarwa, ga Larabci ga mai so. Tarihi, da aka cire shi shekaru masu yawa, an dawo da shi a zamanin minista Adamu Adamu. A 2025 ma an sake sanar da wani gyaran na rage nauyi. Shi dai yaro abin da ya sani shi ne yawan littattafan rubutun da aka ce uwarsa ta saya, kuma wannan adadi bai taɓa raguwa ba.

Mu tsaya a lissafi, domin a nan aka fi ganin tazarar da ke tsakanin abin da yaro ya sani da abin da makaranta ta yarda ya sani. A aji huɗu ana shiga manyan lambobi, dubbai har dubu ɗari, da lambobin Romawa, da doguwar rabawa, wadda ita ce dodon farko. Wanda bai haddace jadawalin sau ba a aji uku, a nan asirinsa ke tonuwa. Daga nan sai ɓangarorin lamba, da lamba mai ɗigo, sai a aji biyar da shida a zo kan kashi cikin ɗari, da gwargwado, da riba da asara, da kuɗin ruwa, da kewaye da faɗin murabba'i da na da'ira, da kusurwa, da lissafin gudu da lokaci. Duk waɗannan abubuwa ne da Bahaushe ke yi a rayuwarsa. Yarinyar da ke tallan gyaɗa bayan an tashi tana iya gaya maka canjin naira 500 bayan an sayi ƙulli bakwai na naira 50 kafin ka zaro wayarka. Ta san nawa aka sayo kwano, nawa ya kamata ta kai gida, ta kuma san abin da zai same ta in kuɗi bai cika ba. Ka rubuta mata wannan lissafin a allo cikin jimlar Turanci mai layi uku, sai ta zuba maka ido. Ba lissafin ne ya gagare ta ba. Ba ta gane me ake tambaya ba ne.

Haka batun ɓangarori. Malami zai zana da'ira ya tsaga ta takwas ya ce wannan kek ne, alhali rabin ajin ba su taɓa ganin an yanka kek ba. Amma kalmomin rabi da sulusi da rubu'i da sudusi suna nan a harshenmu, kuma babu gidan da aka taɓa rabon gado ba a ji zancen tumunin takaba ba. Ɗaya bisa takwas ke nan. Zakkar hatsi, ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban-ruwa aka yi, darasin kashi cikin ɗari ne cikakke. Ban cika ganin littafin lissafin da ya bi ta wannan ƙofa ba. Akwai ma wani abin dariya da ba a cika magana a kansa ba: da safe malamin boko ya koya wa yaro yadda ake fitar da kuɗin ruwa na shekara uku, da yamma malamin Islamiyya ya karanta masa hukuncin riba. Yaro ya riƙe duka biyun, kowanne a aljihunsa, bai taɓa tambayar kowa ba.

Wannan ya kawo mu ga katangar da ke tsaye a bakin aji huɗu, wato harshe. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, tsarin ya kasance a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, ana koyar da Turanci a matsayin darasi, daga baya a juya komai zuwa Turanci. Aji huɗu ne mahaɗar. A Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a yi duk shekara shida na firamare da harshen uwa, amma ba a ga littattafan ba, ba a ga horon malaman ba. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, aka ce Turanci ne harshen koyarwa. Masu goyon bayan sokewar suna da hujjarsu: jarrabawar WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake yi, kuma a gari irin Jos ko Kaduna, inda aji guda ke ɗauke da harsuna goma, da harshen wa za a koyar? Masu adawa su ma suna da tasu. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka yi gwaji a Ife, suka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa.

Ni dai abin da na gani a azuzuwan gwamnati na ƙasar Hausa bai bi ko ɗaya daga cikin manufofin nan ba. Malami yana rubuta darasi a allo da Turanci, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi, ya juyo ya yi bayani da Hausa, sannan ya ce a kwafa. Bayanin Hausar shi ne abin da yaro ya fahimta, amma ba a rubuta shi ko'ina, ba a kuma tambayarsa a jarrabawa. Rubutun Turancin shi ne ke shiga littafi, amma bai shiga kai ba. Na taɓa zama a bayan wani aji biyar ana darasin narkewar abinci a ciki. Malamar ta iya aikinta, bayaninta ya yi daɗi, har yara suna taɓa maƙogwaro suna bin hanyar loma. Da aka tashi na karɓi littafin wani yaro mai kyan rubutu, shafi biyu cike, tsaf, har da ja layi a ƙarƙashin kan magana. Na ɗora yatsa a kan kalma ta uku na ce, “Yaro, karanta mini wannan.” Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Malam, ba a zo nan ba.” Zana haruffan ya yi, kamar yadda ake zana fure. Uban wannan yaro in ya buɗe jakarsa zai ga littattafai cike da rubutu, ya ce alhamdulillahi ana karatu.

Darasin Hausa, da ya kamata ya zama mafaka, shi aka fi rainawa. Sau biyu ko uku ne a mako, kuma akan ba wa duk malamin da ya rage, bisa zaton ai kowa Bahaushe ne. Alhali a manyan azuzuwa akwai aiki sosai a cikinsa: ƙa'idojin rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, bambancin baƙaƙe masu lanƙwasa da marasa ita, auna fahimta, insha'i, rubutun wasiƙa, karin magana, kacici-kacici, tatsuniya, sana'o'in gargajiya, bukukuwa. Waɗanda suka yi firamare shekarun baya sun tashi daga Ka Koyi Karatu suka kai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kuma da yawa daga cikinsu a nan suka fara jin cewa littafi abin nishaɗi ne. Yaron da ya iya karanta Hausa da gudu, ya san cewa harafi sauti ne, ya riga ya ci rabin yaƙin karanta Turanci. Wanda bai iya karanta harshen da yake mafarki da shi ba, da wuya ya fara da na wani.

Kimiyya kuwa tana shan wahalar rashin kayan aiki, amma rabin wahalar mu muka ɗora wa kanmu. Abin da ake so a koya a zango bai fi ƙarfin unguwa ba: yadda ruwa ke zama tururi ya koma gajimare, zafi da sanyi, maganaɗisu, ƙasa da ire-irenta, zaizaya, sassan jiki, canjin da balaga ke kawowa, illar shaye-shaye, ƙananan na'urori masu sauƙaƙa aiki. Jigon da mai lambu ke ɗebo ruwa da shi, baron mai dako, almakashin tela, duk misalai ne da ke bakin hanya. Kwazazzabon da ke bayan makaranta ya fi kowane hoto nuna zaizayar ƙasa. Sai dai fita da yara sittin ko tamanin waje yana buƙatar ƙarfin hali, kuma babu jami'in sa ido da zai yaba maka don ka yi. Shi littafin shirin darasi zai duba, ya ga ko ka cike gurbin mako na shida. Kwamfuta ita ce ta fi ban tausayi. A makarantu da dama da alli ake zana ta, a ja kibiya a rubuta sunan kowane sashe, yaro ya haddace, ya ci maki goma, da yamma kuma ya karɓi wayar yayansa ya yi abin da malamin ba zai iya ba.

Addini ba na jin tsoronsa, domin yana da gata a wani wurin. Abin da ake yi a darasin boko na surori da hadisai da tarihin Annabi da hukuncin tsarki da sallah, yawancin yara sun riga sun wuce shi a Islamiyya. Abin lura a nan shi ne tsawon yinin yaron. Ɗan aji biyar a Kano ko Zariya ko Katsina yana iya fara ranarsa da karatun allo bayan Asuba, ya tafi boko kafin ƙarfe takwas, ya tashi wajen ɗaya da rabi, ya ci abinci, ya wuce Islamiyya har kusan Magariba, wani ma ya koma ta dare. In mace ce, a tsakanin nan akwai wanke-wanke da raino da aike. Malamin da ya ba da aikin gida shafi uku bai yi lissafin wannan ba, shi ya sa ake kwafar aikin gida a gindin bishiya kafin a buga ƙararrawa.

Amma zango ba darasi kaɗai ba ne, kuma in ka tambayi manya abin da suke tunawa daga aji shida, da wuya su ambaci allo. Za su tuna taron safe, a jeru layi-layi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, wanda tun Mayun 2024 aka koma tsohonsa, malamai da ɗalibai suka zauna koyonsa tare. Za su tuna duba farce da haƙora da wuyan riga, da bulalar makara. Za su tuna hutun tara, wannan ɗan lokaci da ya fi komai daraja, da kuɗin tara da aka ƙulle a bakin hijabi ko aka cusa a safa: awara da yaji, ɗanwake, gullisuwa, tuwon madara, rake, ƙanƙarar zoɓo. Ciyarwar da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ta tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku, saboda haka a lokacin ɗan aji huɗu kan san ya girma ranar da ya ga ana raba wa ƙannensa shi yana kallo. Maza na langa da ƙwallon da aka ɗaure da tsumma, mata na 'yar gala-gala da carafke da tafa-tafa.

A nan ne kuma yaro ke fara ɗanɗanar mulki. Monita mai rubuta sunan masu surutu ya fara sanin menene alfarma da menene cin hanci, domin akwai mai ba shi alawa don a goge suna. Shugaban ɗalibai, mai kula da tsafta, mai kula da lokaci, duk 'yan aji biyar da shida ne. Darasin zama ɗan ƙasa na gaskiya a nan ake yinsa, ya fi wanda ake haddacewa game da rassan gwamnati uku. Akwai muhawara ta ranar Juma'a ko Laraba, wadda kusan kullum take komawa kan likita da malami wa ya fi amfani, ko manomi da ɗan kasuwa. Akwai gasar wasanni tsakanin gidaje, ja da kore da shuɗi da rawaya, wadda makarantu da yawa ke sakawa a zango na biyu, kuma takan cinye mako biyu ana atisaye. A zango na uku akwai faretin ranar yara, 27 ga Mayu. Aikin hannu kuwa ya lalace. Da, yaro zai kawo tsintsiyar da ya ɗaure, ko igiyar da ya tufka, ko faifan da ta saƙa, a ba da maki gwargwadon kyan aiki. Yanzu a wurare da yawa sabulu ake kawowa ko kuɗi, mai babban sabulu shi ne gwanin sana'a.

Kowane zango da halinsa, kuma yanayi ne ke tsara shi fiye da ma'aikata. Na farko yana cin karo da kaka: a Oktoba da Nuwamba ajin ƙauye kan rage rabi, an tafi girbin gero da dawa, ko roron gyaɗa da tsinkar wake. Na biyu hunturu ne, tagogi babu marfi, yara sun ƙudundune hannu a hammata, ba wanda ke iya riƙe biro kafin rana ta ɗaga. Ƙarshensa kuma zafin Maris da Afrilu, kwano ya ɗau wuta, bayan sha biyu babu mai fahimtar komai. Na uku shuka ne da noman farko, ga ruwan da ke dukan rufi har malami ya daina jin muryarsa. Ranar kasuwar gari kuwa kowane mako tana da nata kason, ko wane zango ne. Rajista ba ta cika nuna wannan ba. Kuma a waɗannan azuzuwa ne 'yan mata ke fara zamewa, yau ta zo gobe ba ta zo ba, har a wayi gari an daina kiran sunanta.

Ba zan ɗora wa malami laifin duka ba. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35, ta kuma ce takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A manyan garuruwa ajin da ya ninka wannan adadi biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Malamin da ke da yara 90 in ya ba da aikin aji ya ce zai duba na kowa minti ɗaya ɗaya, awa ɗaya da rabi ke nan, darasi biyu da rabi sun wuce. To sai ya koma ga abin da zai yiwu: rubutu a allo, maimaitawa, kwafa. Amma akwai gefen da ba a so a taɓa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka gudanar da gwajin, aka yi ta ja-in-ja har da yajin aiki. Ko da wane ɓangare mutum ya tsaya, abin da ya fito fili shi ne darussan aji huɗu zuwa shida ba wasan yara ba ne. Mai koyar da aji ɗaya yana iya lallaɓawa da haƙuri da waƙa. Mai koyar da rabawar lamba mai ɗigo dole ya iya ta da kansa.

Sai awo. A cikin zango ana yin gwaji biyu ko uku, wanda malamai ke kira CA, ya ɗauki maki 30 ko 40, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki sauran. Manufar ita ce kada a yanke wa yaro hukunci da abin da ya yi a rana ɗaya, kuma malami ya gano mai rauni tun da sauran lokaci. Abin da ya zama shi ne gurbi a takarda da ake cikewa a makon ƙarshe. Tambayoyin jarrabawa a allo ake rubuta su inda babu kuɗin bugawa, yawanci cike gurbi ne ko zaɓi ɗaya cikin uku, irin wanda mai sa'a zai iya samun sulusi ba tare da ya karanta komai ba. Ba a cika maimaita aji ba, kowa wucewa yake. Ga 'yan aji shida kuwa, zango na biyu da na uku duk sun koma shirin kwaman entiran. Akwai ta ƙasa da NECO ke shiryawa don shiga kwalejojin tarayya, waɗanda suka haura ɗari, akwai kuma ta jiha. Ana ajiye manhaja a rungumi littafin tsofaffin tambayoyi, ana zama lesin bayan an tashi. Makarantun kuɗi da yawa ma sun kashe aji shida gaba ɗaya: daga aji biyar, wani lokaci huɗu, Anti, wato malamar aji, ta ce yaro ya isa, iyaye su yi murna an rage musu kuɗin shekara guda, a kai ɗan shekara tara sakandare yana kuka da dare.

An gwada wata hanya a Kano da ta dace a sani. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, don 'yan aji huɗu zuwa shida, bisa salon da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro. Abin da ake yi ba shi da wuyar faɗi. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga inda ya tsaya: bai san harafi ba, ko ya san harafi bai iya haɗa kalma ba, ko yana karanta jimla, ko yana karanta labari. Sai a ware wani lokaci a cikin yini a manta da aji, a zaunar da yara rukuni-rukuni gwargwadon matakinsu, ɗan aji shida kusa da ɗan aji huɗu in matakinsu ɗaya, a fara da Hausa, a yi lissafi da tsinke da duwatsu. Wanda ya ci gaba a matsar da shi. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne ya yarda da abin da kowane malami ya sani amma jadawalin mako-mako ya hana shi faɗa: cewa a cikin aji biyar akwai 'yan aji biyu da yawa, kuma karanta musu darasin mako na bakwai ba zai sa su zama 'yan aji biyar ba. Wahalarsa ita ce yana cin lokaci daga waɗancan makonni tara, kuma hedimastan da ake tambaya ko ya gama manhaja ba zai so haka ba.

Ranar hutu ana zuwa ba jaka. A taru a fili, hedimasta ya yi nasiha a kan yawon banza da wanka a kududdufi, a kira na ɗaya da na biyu da na uku daga kowane aji, a tafa musu, wani lokaci a ba su littafin rubutu da biro. Sauran su karɓi kati a aji, wasu su buɗe nan take, wasu su naɗe su cusa a aljihu. A ƙasan katin akwai layin da malami ke rubuta ra'ayinsa da Turanci, kusan kalma ɗaya ga kowa, cewa a ƙara ƙoƙari. A gida tambaya ɗaya ce ke jiran yaro, daga Baba har Kaka: “Na nawa ka zo?” In ya ce na bakwai, a ce madalla. Ba a cika tambayar cikin nawa ba, balle a miƙa masa takardar maganin da aka karɓo daga asibiti a ce ya karanta. Littattafan rubutun zangon za su kwana biyu a kan taga. Kafin a koma, yawancinsu sun isa hannun mai ƙosan bakin layi, tana yage su falle-falle, narkewar abinci a ciki da lambobin Romawa da rassan gwamnati uku, duk mai ya jiƙa su. Makon komawa a sayi sababbi.